Na musa wa malamin kemistiri a gaban aji, yanzu Baba ya ce sai na durƙusa masa

Assalamu alaikum Anti. Ni budurwa ce 'yar shekara 17, muna zaune a Agege. Na gama sakandare bara, yanzu ina zuwa lesin na shirin JAMB, burina in karanta harhaɗa magunguna. Malaminmu na kemistiri ɗan garinsu Baba ne, shi ya sa rabin kuɗi yake karɓa a wurinmu. Makon jiya yana koya mana ɗaurin sigma da ɗaurin pai, wato hanyoyi biyu da atam suke riƙe juna, sai ya ce duk duniya babu inda za a sami pai ba tare da sigma ba, ya sa muka rubuta muka ja layi a ƙasa. Ni kuma na taɓa karantawa a waya cewa akwai wani abu, C2, wanda ɗaurinsa duka biyu pai ne. Sai na ɗaga hannu na ce, "Malam, wannan ba gaskiya ba ne," na miƙa masa wayar. 'Yan aji suka ɗauki shewa. Ko duba wayar bai yi ba, ya ce in fita. Da yamma ya je ya sami Baba a kasuwar Mile 12 ya ce na yi masa fitsara. Baba ya ƙwace wayata, ya ce ko in je in durƙusa in ba shi haƙuri, ko in bar lesin in zauna a gida. Mama cewa take durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Anti, ni ban ga laifina ba. In na ba da haƙuri kamar na yarda ƙarya na yi. Kuma yanzu kaina ya ɗaure, in tambayar ta fito a jarrabawa me zan zaɓa? Saura wata biyu.

Ƙanwarki daga Agege

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Bari in fara da kemistirin, domin na ga shi ne ya tsaya miki a rai. Muddin ba ki san inda maganarki ta tsaya ba, duk haƙurin da za ki bayar na fatar baki ne, kuma malamai suna gane irin wannan tun kafin ɗalibi ya rufe baki.

Ki tuna yadda ɗaurin yake samuwa. Elektoron ɗin da ke zagayen waje na atam ba su da mazauni guda, akwai dai yankin da aka fi samun su a ciki, shi ne obital ɗin da kuke zanawa a allo. In obital ɗin atam biyu suka shiga juna kai da kai, a kan layin da ya haɗa cibiyoyinsu, an sami sigma. In kuwa obital biyu na p, wato wani nau'in obital mai kunnuwa biyu, suka jeru suka taɓa juna ta gefe, sama da ƙasan wancan layi, an sami pai. Na farkon kamar musabaha ne, mutum biyu suna fuskantar juna hannu cikin hannu, na biyun kuma kamar kafaɗa da kafaɗa a sahu. Shigar kai da kai ta fi zurfi, don haka sigma ya fi riƙo, kuma a kusan duk abin da za ki iya zubawa a kwalba ko ki ɗora a sikeli, shi ne ginshiƙin da ke riƙe atam biyun, pai ƙari ne a kansa. Ɗauri ɗaya sigma ne. Ɗauri biyu, sigma ɗaya da pai ɗaya, kamar tsakanin kabon biyun C2H4. Ɗauri uku, sigma ɗaya da pai biyu, kamar a C2H2, iskar nan da masu walda suke samu in sun zuba ruwa a kan kabayid, da kuma N2, naitirojin da ya kai kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa. Wannan ƙa'ida ce ta sa C2H4 yake kashe launin ruwan buromin nan take: pai ɗin ne ke ɓallewa, sigma ya tsaya. Magungunan da kike son ki koyi harhaɗawa, daga farasitamol har zuwa na zazzaɓin cizon sauro, duk a kan wannan ƙa'ida aka gina su. Saboda haka abin da malaminki ya sa kuka ja wa layi abu ne da za ki yi aiki da shi har ki tsufa.

To amma C2 ɗinki yana nan, ba ƙirƙirar intanet ba ce. Atam biyu ne na kabon kawai, babu haidirojin ko wani abu a jikinsu. Don a gane shi, sai an bar zanen layi-layi da kuka saba, an koma wata hanyar bayani da Friedrich Hund da Robert Mulliken suka kafa, wadda ta kai Mulliken ga samun kyautar Nobel a 1966. A wannan hanya ba a cewa wannan elektoron na wannan atam ne. Ana jera obital ɗin molikul ɗin gaba ɗaya, wato na atam biyun a haɗe, daga mafi ƙarancin kuzari zuwa sama, wasu suna jawo atam biyun su haɗu, wasu suna tura su su rabu, sannan a dinga zuba elektoron bibbiyu daga ƙasa. Kowane kabon yana da elektoron 4 a waje, jimilla 8. Biyun farko suna shiga sigma mai jawowa. Biyu na gaba suna shiga sigma mai turewa, sai lissafi ya ce sun soke juna. Saura 4. A nan ne abin yake: a boron da kabon da naitirojin, matakin pai yana ƙasa da sigma na gaba, saboda obital na s, mai siffar ƙwallo, da na p a waɗannan atam ɗin kusa suke da juna a kuzari har suna cakuɗewa. Don haka huɗun nan suka cika obital biyu na pai, sigma na gaba ya zauna wayam. Masu jawowa 6, masu turewa 2, ki cire ki raba biyu, kin sami ɗauri 2, kuma duka biyun pai ne. Abin da kika gani a waya ke nan.

Ki ƙara elektoron biyu a kan wannan lissafin, kin koma N2. Su ne za su shiga sigman da ya rage, ki sami sigma ɗaya da pai biyu, daidai da abin da malam ya koyar. Ki rage biyu kuma, kin koma B2, inda elektoron biyu kacal ke cikin pai, kowanne shi kaɗai a obital ɗinsa, ɗauri ɗaya ba sigma. Ina son ki lura da wannan da kyau, domin hanyar da ta ba ki gaskiya a kan C2 ita ce dai ta ba malaminki gaskiya a kan naitirojin.

Kada kuma ki ɗauki abin da kika karanta a matsayin magana ta ƙarshe. Sokewar da aka ce sigma biyun farko sun yi wa juna ba cikakkiya ba ce, sauƙaƙa lissafi ne kawai. Mai turewar bai kai mai jawowar ƙarfi ba, don haka akwai ragowar sigma a wurin. Tsawon ɗaurin ma yana nuna da sauran magana: tsakanin kabon biyun C2 pikomita 124 ne (pikomita ɗan ƙanƙanin ma'auni ne da ake auna tazarar atam da shi), na C2H4 mai ɗauri biyu 134, na C2H2 mai ɗauri uku 120. Kin ga C2 ya fi kusa da mai uku. A 2012 Sason Shaik na Jami'ar Hebrew da ke Ƙudus tare da abokan aikinsa suka buga bincike a mujallar Nature Chemistry suna cewa ɗauri huɗu ne ma a C2, da sigma a ciki. Wasu masana suka yi musu raddi, aka yi ta kai-komo a mujallu. Wato a kan ainihin abin da kika ce wa malam "ba gaskiya ba ne", farfesoshi sun yi shekaru suna ja-in-ja. Da kin ce littafin jami'a yana kawo C2 da B2 a matsayin misalin pai ba sigma, da ba mai iya ja da ke. Wannan ita ce iyakar abin da kike da hujja a kai.

Sannan C2 ba abu ne da za ki saya a shagon sinadarai ba. A yanayin ɗaki ba ya daɗewa, nan da nan yake kama wani abu ya rikiɗe. Inda ake samunsa shi ne wuri mai tsananin zafi ko sararin da babu komai kusa: cikin harshen wuta, cikin wasu taurari, da kan tauraro mai wutsiya. Shuɗin wutar gas ɗin girkinku, wani ɓangarensa hasken C2 ne. Wani ɗan Sikotland, William Swan, ya yi nazarin wannan haske a harshen wuta tun 1856, har yau da sunansa ake kiran waɗannan layukan hasken. Koren tauraro mai wutsiya da aka yi ta yaɗa hotunansa a farkon 2023, C2 ne ya ba kansa wannan launi. In kin wuce wurin masu walda a hanyarki ta zuwa lesin, ki dubi ƙaramin harshen da ke bakin tocin, daga nesa dai, kada ki ƙura masa ido. Iskar da ke shiga tana bin ƙa'idar malam, a cikin wutar kuma ga C2 ɗinki na ɗan lokaci.

Batun jarrabawa kuwa ba shi da wuya. JAMB daga manhajar sakandare take tambaya, kemistiri tambaya 40 ne, kowacce zaɓi huɗu, kuma kwamfuta ba ta karɓar ƙarin bayani. In aka tambaye ki ɗauri biyu me ya ƙunsa, sigma ɗaya da pai ɗaya. In aka ce ki ƙirga na C2H2, sigma 3 da pai 2. Na C2H4, sigma 5 da pai 1. Na benzin, C6H6, sigma 12 da pai 3. Wannan ba munafunci ba ne, amsar tambayar da aka yi miki ce a kan abubuwan da aka tambaya. C2 zai same ki a jami'a in Allah ya kai ki, a lokacin za ki ga 'yan ajinku suna ta kokawa da abin da ke kin riga kin leƙa.

Yanzu mu zo kan mutane, don a nan ne matsalarki ta gaske take.

Ki sake karanta kalmomin da kika rubuto mini: "Malam, wannan ba gaskiya ba ne." A kunnen Bahaushe, in yarinya ta ce wa babba haka a bainar jama'a, ba gyara ya ji ba, ƙaryatawa ya ji. Sai ga waya an miƙo, sai ga shewa. Na yarda ba ke kika sa su shewar ba, amma a kanki ta hau. Ki tuna kuma malamin lesin ba shi da albashin gwamnati da zai jingina da shi. Jarinsa shi ne iyaye su yarda ya san aikinsa, kuma wuraren lesin a Agege ba su da iyaka, yau yaro yana nan gobe ya koma na gaba. A ce labari ya zaga cewa ɗaliba ta kayar da shi da waya, wannan abincinsa aka taɓa. Ya kuma zamana ɗalibar ita ce wadda yake yi wa ragi don zumunci. Shi ya sa abin ya yi masa zafi fiye da kima.

Ba ina wanke shi ba ne. Cewa "duk duniya" a kimiyya ganganci ne, da ya ce "a matakinku" da an wuce wurin. Korarki daga aji ba tare da ya dubi abin da kika kawo ba kuskure ne, kai ƙara kasuwa kafin ya kira ki ku yi magana kuma ya fi wancan. Malamin da ya natsu cewa zai yi, "Ajiye wayar, ki same ni bayan an tashi." Mai yiwuwa ya san zancen C2 tun yana jami'a ya bar shi don kada ya rikita ku, mai yiwuwa kuma ya manta shi ƙaf. Ko wanne ne, gyara halinsa ba aikinki ba ne a wata biyun nan.

Baba kuma, ba na jin ya damu da wane ne ya fi sanin sigma. Abin da ya gani shi ne ɗan garinsu, wanda ya yi masa alheri, ya tako har rumfarsa a gaban abokan kasuwa ya ce 'yarsa ba ta da kunya. A baƙon gari irin Legas, mutuncin mutum a wurin 'yan garinsu shi ne abin da yake ci da shi, da shi ake ba shi kaya bashi, da shi ake tsaya masa in ta ɓaci. Akwai kuma abin da ƙila ba ya faɗa miki. Uban da ya bar 'yarsa ta nemi jami'a ba ya rasa masu ce masa boko zai buɗe mata ido ta raina mutane. Ranar nan kin ba masu wannan magana abin faɗa, shi kuma ya ji kunya. Ƙwace wayar da barazanar zaman gida sun yi tsauri, amma ki lura ya bar miki ƙofa a buɗe. Wanda ya gaji da karatunki ba zai ce ki je ki ba da haƙuri ki koma aji ba.

Shawarata ita ce ki je ki ba da haƙurin, amma ki san a kan me kike bayarwa. Ba na son ki tafi da karin maganar Mama a ranki, duk da na san lallashinki take yi. In kin durƙusa kina ganin wada kika durƙusa wa, fuskarki za ta tona ki. Malaminki ne, ya koya miki abubuwa da yawa da suke daidai, kuma kin kunyata shi a gaban ɗalibansa. Wannan laifi ne na gaske, kuma za ki iya neman afuwa a kansa ba tare da kin yi ƙarya ko ɗaya ba. Ki je da Mama ko yayanki, kafin a shiga aji ko a gidansa, ba a gaban 'yan shewa ba. Ki gaishe shi yadda kika saba gaida abokan Baba, ki ce, "Malam, na yi kuskure yadda na yi maka magana a gaban aji, ban kyauta ba, ka yafe mini." Ki tsaya a nan. Kada ki ƙara da "amma", kada ki ambaci C2. In shi ya tayar da zancen ya ce kin yarda babu pai sai da sigma, ki ce, "Na gane haka ake amsawa a jarrabawa, kuma haka zan rubuta." Gaskiya ce tsantsa, kuma ta ishe shi.

Bayan kwana goma ko mako biyu, in kin ga fuskarsa ta saki, kina iya komawa kan tambayar, ke da shi kawai. Ki zana matakan nan a takarda da hannunki, ki zuba elektoron takwas ɗin, ki kai masa ki ce kin ga wannan ba ki gane dalilin da ya sa pai ya riga sigma cika ba, ya taimaka ya yi miki bayani. Takardar da ɗaliba ta zana da kanta ba ta da zafin waya. In ya karɓa ya duba, kin sami malami na gaske, ki riƙe shi. In ya ture, ki bar maganar har bayan jarrabawa. Ni da zan zaɓa miki ma, da sai bayan jarrabawar za ki tayar da ita.

Batun waya, kada ki nema rana ɗaya da ba da haƙuri, sai ya zama kamar ciniki. Ki bari Baba ya ji daga bakin malam cewa kin je. Sannan Mama ta tuna masa cewa layin da kika yi rajistar JAMB da shi ta nan saƙonnin hukumar suke shigowa, kuma jarrabawar a kwamfuta ake yin ta, kina buƙatar gwaji. Ki kawo masa tsari da kanki: wayar ta kwana a ɗakin Mama, ki karɓa awa biyu bayan isha'i don karatu, kuma ba za ki shiga da ita aji ba. Uba ya fi saurin yarda in ya ga yarinya ce ta ɗaure kanta.

Akwai yiwuwar ki yi duk wannan malam ya ƙi saukowa, ya dinga yi miki habaici a aji ko ya daina amsa tambayarki. In haka ta faru, kada ki rama, kada kuma ki haɗiye ki yi shiru. Ki gaya wa Mama abin da ya faɗa da ranar da ya faɗa, a nemi wani dattijo ɗan garinku da su biyun suke jin nauyinsa ya shiga tsakani. In abin ya ci tura, a nemi wani lesin ko na kemistiri kaɗai ne, tunda cikakken kuɗi zai yi wa Baba nauyi. In ma hakan bai samu ba, wata biyu da manhajar JAMB a hannu, da tambayoyin shekarun baya, da ƙawaye biyu masu himma da za ku dinga zama a gidanku ko nasu, ya isa mai irin kanki ta ci kemistiri. Abin da ba na so shi ne ki zauna a gida kina fushi, ranaku suna tafiya, lissafin mol da daidaita ikweshan suna jiranki, su da za su fito a jarrabawa ba shakka.

Ki sami Mama yau kafin Baba ya dawo daga kasuwa, ki ce mata kin shirya zuwa, ku tsayar da rana a cikin makon nan. Kafin ranar ki zana C3H6 da C3H4 a littafinki, ki ƙirga sigma da pai na kowanne, don in kin koma aji kada a same ki a baya. Ki rubuto mini yadda kuka yi da malam.